Yawan Barci da Rana

A Mabai, cikin ƙasar Ƙanƙara, idan damina ta sauka manomi yakan yi sammako zuwa gona. In rana ta take, sai ya kishingiɗa a gindin itace ya ɗan runtsa. Wannan gajiya ce kawai, da ya farka sai ya koma bakin aikinsa garau.

Amma akwai wani barci dabam. Akan ga yaro cikin aji, tun da hantsi yana hamma yana gyangyaɗi, yau haka gobe haka. Waɗansu su ce rago ne, har a doke shi, alhali kuwa barcin nan yana da dalili. In ba a gano dalilin ba, karatun yaron ya lalace. Babba kuwa, in direba ne, gyangyaɗi ɗaya ya isa ya hallaka mota da mutanen cikinta.

In aka kai mai yawan barci asibiti, likita yakan fara da tambaya. Yaushe yake kwanciya, yaushe yake tashi? Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya raba dare yana hira ko kallon waya, ko sauro da kuɗin cizo suka dame shi, ko fargaba ta hana shi runtsawa, lalle ya biya bashin da rana.

Sa'an nan likita ya tambayi masu kwana ɗaki ɗaya da shi, gama mai barci bai san abin da yake yi ba. Wani yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, ya zabura, ya koma. Irin wannan ko ya kwana goma sha biyu bai huta ba, domin hanyar iska ce ke toshewa a maƙogwaronsa. Daga nan sai a duba idonsa, a auna jininsa, don zazzaɓin sauro da tsutsar ciki da rashin abinci mai kyau sukan rage jini su kawo kasala.

A zamanin kakanni akwai wani dalili wanda ya fi waɗannan muni, watau ciwon barci. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, mai zama cikin duhuwar bakin rafi. In ya ciji mutum sai zazzaɓi ya kama shi, kaluluwa ta fito masa a wuya. Daga baya cutar ta hau ƙwaƙwalwa, ya riƙa barci da rana, da dare kuwa ido biyu, in ba magani ya mutu. Ma'aikatan lafiya sukan bi ƙauyuka suna lalubar wuyan mutane, su zuƙo ruwan kaluluwa da allura su duba da madubin likita.

Cutar nan ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Zazzau, maƙwabciyar su Faskari da Sabuwa. A shekarar 1937 aka fara babban aiki a Anchau. Aka sare duhuwar rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Yanzu ciwon barci ya yi wuyar gani a Nijeriya. Tun daga 2018, waɗanda akan samu da shi a duniya duka ba su kai 1,000 a shekara ba, yawancinsu a ƙasar Kwango.

Da bincike aka ci ƙarfin wannan cuta, haka kuma ya kamata a yi wa yaro mai gyangyaɗi. A fara gyara masa lokacin kwanciya, a kafa masa gidan sauro. In an yi mako biyu barcin bai ragu ba, sai a kai shi asibiti, a Ƙanƙara ko wanda ya fi kusa.