FASHIN BAƘI: Manhajoji biyu da ke sa kamfanin lantarki ya san an ɗauke wuta kafin a kira shi

Da misalin ƙarfe 2:14 na rana, ranar 14 ga Agusta, 2003, manhajar da ke buga ƙararrawar gargaɗi a ɗakin lura da layukan kamfanin lantarki na FirstEnergy, a jihar Ohayo ta Amurka, ta daina aiki ba tare da kowa ya ankara ba. Fiye da awa guda injiniyoyi na zaton lafiya lau, alhali manyan layuka na ɗaukar zafi, suna taɓa bishiyoyi, suna katsewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni maƙwabta sun yi ta bugo waya, amma ƙararrawa ba ta buga ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada.

Rahoton da ƙasashen biyu suka fitar a Afrilu 2004 ya sanya rashin sanin halin da layuka ke ciki a sahun manyan dalilai. Labarin matsalar ya iso ta waya, allon injiniyoyi kuma bai gaskata shi ba. Irin wannan giɓi, tsakanin abin da na'ura ke gani da abin da mutane ke faɗa, shi ake son cikewa idan aka haɗa manhajar sarrafa layuka da ta kula da ɗaukewar wuta.

Ta farko ana kiranta SCADA. Na'urori a tashoshin wuta na auna ƙarfin lantarki da nauyin da ke kan kowane layi, su aika ɗakin lura duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Daga kan kujerarsa, injiniya na iya buɗe makunni ko rufe shi a tashar da ke nesa. Sai dai ganinta yawanci yana tsayawa ne a bakin fida. Ba ta san gidajen da ke rataye a layin ba.

Ta biyu, OMS, daga ɓangaren mai gida take farawa. Tana tattara kiran waya, da saƙon da mitocin zamani ke aikawa in wuta ta yanke, ta ɗora su a kan taswirar da ke nuna taransifoma da fidar kowane gida. Da haka take hasashen inda layi ya lalace, ta tura ma'aikata, ta rubuta lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo.

Idan kowacce na aiki ita kaɗai, sai mutum ya kwashi bayani daga wannan ya kai waccan, kuma a nan jinkiri da kuskure ke shigowa. Idan an haɗa su, da zarar fida ta faɗi OMS za ta samu labari, ta lissafa gidajen da abin ya shafa. Idan kuma fida na da wuta amma koke ya yi yawa daga unguwa ɗaya, za a gane fiyus ne ko taransifoma. Akwai batun rai ma: alamar cewa ma'aikata na kan falwaya za ta bayyana a allon mai riƙe da makunni, don kada ya sako musu wuta.

A Najeriya, lissafin awannin wuta ya zama batun kuɗi kai tsaye. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin samun wuta aƙalla awa 20 a rana. Kwanaki kaɗan bayan haka ta ci kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, tarar naira miliyan 200 saboda ɗora sabon farashin a kan waɗanda ba sa cikin rukunin. Ga kuma wani ɓoyayyen giɓi: ana auna awannin ne a kan fida, alhali fida na iya kasancewa da wuta, taransifomar unguwa kuma ta yi mako a ƙone. Rajistar da ta haɗa bayanan tasha da na gidaje ce za ta nuna wannan bambanci.

Sayen manhaja kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an bi titi-titi an rubuta wanda ke kan kowace taransifoma, an kuma sabunta taswirar duk lokacin da aka sauya haɗi. Sai an samu mitoci, alhali a 2024 ƙasa da rabin masu rajista a Najeriya ne ke da mita. Sai kuma layukan sadarwa masu aiki ko da babu wuta.

Tsaro ma na cikin lissafi. A ranar 23 ga Disamba, 2015, masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren, suka yi amfani da SCADA wajen yanke wa masu amfani da wuta kimanin 225,000, suka kuma cunkushe layin wayar karɓar koke. Duk ƙofar da aka buɗe tsakanin manhajoji biyu na buƙatar mai gadi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu na sa ido kan harkar wuta. Don haka tambayoyin da ya kamata a yi wa kamfani irin KEDCO, mai kula da Kano, Katsina da Jigawa, da masu sa ido a kansa, a fili suke: fida nawa ake gani kai tsaye daga ɗakin lura? Gidaje nawa ne aka san taransifomarsu? Kuma yaushe mai biyan kuɗi zai iya duba awannin da unguwarsa ta samu, ya gwada da takardar kuɗin da aka kawo masa?