Fashin Baƙi: Abin da lakar bakin teku ta adana game da hauhawar ruwa

Duk lokacin da shugabannin duniya suka zauna taron sauyin yanayi, tambaya ɗaya ce ke dawowa: da wane irin sauri teku zai hau, kuma wane ne zai biya diyyar garuruwan da zai cinye? Na'urorin da ke auna tsayin ruwa a tashoshin jiragen ruwa ba su daɗe ba, mafi tsufansu ma kimanin shekaru ɗari uku ne kawai. Taurarin ɗan'adam kuwa sai a farkon shekarun 1990 suka fara wannan awo a kai a kai. Saboda haka masana suka koma ga shaidar da ta girmi ɗan'adam da alƙalaminsa, wato lakar da ta taru a fadamun bakin teku.

Yadda laka ke riƙe tarihi

Zamanin da masana ke kira Pilayistosin ya fara ne shekaru miliyan 2.58 da suka wuce, ya ƙare shekaru 11,700 da suka wuce. A cikinsa duniya ta yi ta kai-komo tsakanin tsananin sanyi da ɗumi. Idan sanyi ya yi tsanani, ruwa kan daskare ya zama tsaunukan ƙanƙara a arewacin Amurka da Turai, sai teku ya ja baya. Idan ɗumi ya dawo, ƙanƙarar ta narke, teku ya cika. Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, teku ya yi ƙasa da inda yake a yau da kusan mita 120. Kafin nan, wajen shekaru 125,000 da suka wuce, ya fi na yau tsayi da mitoci da dama.

Abin da ya sa fadamar bakin teku ta zama amintacciyar shaida shi ne tsirranta ba sa rayuwa sai a wani siririn wuri. Bishiyar mangurof, mai saiwoyi a waje kamar ƙafafu, tana tsirowa ne kawai inda ruwan gishiri ke rufewa idan teku ya ciko, ya kuma buɗe idan ya janye. Idan aka tarar da saiwarta a binne a zurfin mita sittin ƙarƙashin ruwa, to an san cewa a can gaɓar teku take a lokacin da bishiyar ke raye.

Masu bincike kan soka dogon bututu cikin laka su zaro ta yadda take, hawa-hawa, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Da yake iska ba ta shiga taɓo sosai, abubuwan da ke ciki ba sa saurin ruɓewa. Garin furanni yana nuna irin dajin da ya taɓa tsayawa a wurin. Ɓawon wasu ƙananan halittu da ake kira foraminifera, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, yana nuna yawan gishirin ruwan da zurfinsa. Shekarun kowane hawa kuma ana gano su ne da sinadarin kabon 14, wanda rabinsa ke lalacewa cikin kowaɗanne shekaru 5,730. Wannan awo ba ya wuce kimanin shekaru 50,000, don haka abin da ya girmi haka sai a nemi wasu hanyoyi, kamar auna lokacin da ƙwayar yashi ta ga hasken rana a karo na ƙarshe.

Darasin tekun Sunda

A kudu maso gabashin Asiya aka sami ɗaya daga cikin shaidu mafi ƙarfi. A lokacin sanyi na ƙarshe, tsibiran Sumatra da Jaba da Borneyo a haɗe suke da nahiyar, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai koguna. A shekarar 2000, Till Hanebuth da abokan aikinsa na Jami'ar Kiel da ke Jamus suka wallafa sakamakon lakar da suka haƙo daga ƙasan tekun da ya rufe wannan fili. Sun bi sawun ragowar mangurof daga zurfi zuwa tudu, suka ga yadda gaɓa ta yi ta ja da baya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsakanin shekaru 14,600 da 14,300 da suka wuce, teku ya hau kusan mita 16 cikin shekaru 300 kacal, wato fiye da santimita biyar a kowace shekara. Wannan ya nuna cewa tsaunukan ƙanƙara ba kullum suke narkewa sannu a hankali ba, wani lokaci rugujewa suke yi.

Akwai tarko a cikin wannan lissafi. Laka tana nuna tsayin ruwa ne idan aka kwatanta da ƙasar da ke wurin, ita kuwa ƙasa tana motsi. Wani wuri yana tasowa bayan nauyin ƙanƙara ya sauka daga kansa, wani yana lotsawa. Shi ya sa ake kwatanta wurare da dama kafin a yanke hukunci. Mutanen Jakarta sun san wannan a aikace: zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa sassan birnin na nutsewa da saurin da ya fi hauhawar tekun kansa, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta yi dokar mayar da babban birninta Nusantara a 2022.

Iyakar da mangurof zai iya jurewa

Dajin mangurof yana kama laka da saiwoyinsa, ya ɗaga ƙasar da yake kai, ta yadda yakan bi ruwa sama idan ruwan na hawa a hankali. A 2020, Neil Saintilan na Jami'ar Macquarie da ke Ostireliya ya jagoranci nazarin laka daga wurare 78, wadda ta taru a ƙarshen narkewar ƙanƙarar, kimanin shekaru 10,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Sun gano cewa da wuya dajin ya iya bin ruwa idan hauhawar ta zarce milimita shida zuwa bakwai a shekara.

Sai a ɗora wannan a kan alƙaluman kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021: milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971, sai 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Saintilan da abokansa sun yi hasashen cewa idan hayaƙin masana'antu ya ci gaba da yawa, za a ƙetare wannan iyaka a gaɓoɓin ƙasashe masu zafi nan da 2050.

Inda abin ya shafi Najeriya

Dajin mangurof mafi girma a Afirka yana Najeriya, akasarinsa a yankin Neja Delta. Tun a 1981 Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta wallafa nazarin garin furannin da ke cikin lakar yankin, wanda ya nuna yadda dazuzzukansa suka sauya cikin dubban shekaru. Dajin shi ne garkuwar ƙauyuka daga igiyar ruwa, kuma a cikinsa kifi ke hayayyafa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda malalar mai ta yi masa illa. Lakar da yake gina kansa da ita kuma kogunan Neja da Binuwai ne ke kawo ta daga tudu, madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba suna tare wani kaso nata a hanya.

Saurin hauhawar teku ya dogara ne ga hayaƙin manyan ƙasashe masu masana'antu. Amma tsaftace malalar mai, da hana sare dajin, da bar masa filin da zai ja baya zuwa tudu maimakon a toshe shi da tituna da gine-gine, hukunci ne da ake yankewa a Abuja da fadojin gwamnonin jihohin gaɓar teku.