Liƙa Kunnuwan Sanduna Huɗu a Aksul ɗin Baya na Motar Ƙirar Hannu

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wani aiki guda daga cikin ayyukan masu ƙera mota da hannu a ƙasar Amurka, watau mutanen nan da kan ɗauki tsohuwar mota kamar Ford ta 1932, su sa mata babban inji, su sake mata ƙafafu, sa'an nan su hau ta bisa titi. Aikin kuwa shi ne liƙa kunnuwan da sanduna huɗu ke kamawa don riƙe aksul ɗin baya. Abin da muke nufi da kunne shi ne ɗan farantin ƙarfe mai huji, wanda ake waldawa a jikin aksul ko shasi domin a zura kusa ta ɗaure kan sanda.

Sifirin mai falle-falle, irin na akori-kura, aiki biyu yake yi: yana ɗaukar nauyi, yana kuma tsare aksul a mazauninsa. A tsarin sanduna huɗu an raba ayyukan nan. Naɗaɗɗen sifirin da shokazoba su ke ɗaukar nauyi, sanduna biyu a sama da biyu a ƙasa su ke hana aksul zamewa ko mirginawa. Idan na saman sun tashi a karkace suka nufi tsakiya, kamar yadda aka yi wa Chevelle a 1964 da Mustang a 1979, to su da kansu suke hana aksul gocewa dama ko hagu. In kuwa duka huɗun a miƙe suke, tilas a ƙara ta biyar a gicciye, wadda ake kira sandar Panhard, da sunan wani kamfanin Faransa.

Mutane da dama kan ɗauka gwanintar walda ita ce dukan aikin. A ganinmu, awo ya fi ta nauyi, domin mugunyar walda a ido ake ganinta, amma hujin da ya kauce sai mota ta hau hanya yake tona kansa. Saboda haka kafin a taɓa wuta, sai a ɗora shasi bisa daɓe mai lebur, a daidai tsayin da motar za ta tsaya in ta ɗauki injinta da mai da direba. A wannan tsayi ne ake yin kowane awo. A saita aksul a tsakiya, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu har su zo ɗaya. In ba haka ba, mota za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya.

Daga nan sai batun kwanciyar sanduna, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Idan aka dubi mota daga gefe, aka ja layi a zuci daga sandar sama da ta ƙasa zuwa gaba, akwai inda za su haɗu. Wannan mahaɗa ita ke hukunta halin mota lokacin da aka taka totur. In tana sama kuma kusa, bayan mota ya ɗaga, tayoyi su danne ƙasa. In tana ƙasa kuma nesa, bayan ya durƙusa. Masu tsere a miƙaƙƙen fili na farkon suke so, har sukan yi wa kunne huji da yawa don su riƙa sauyawa. Amma motar titi tana da kwana da rami da birki a gabanta, kuma saitin tsere kan sa tayoyin baya su riƙa tsalle in an taka birki da ƙarfi. Shi ya sa aka fi son sandunan ƙasa su kwanta daidai da ƙasa, a kuma sa musu bushin na roba, wanda ke ba da kai in mota ta karkata.

Sandar Panhard ita ma a kwance ake sonta, da tsawo gwargwadon hali, domin baka take zanawa in aksul ya motsa. Alal misali, mai tsawon santimita 80, in aksul ya hau santimita 8, za ta ja shi gefe wajen milimita 4. Mai santimita 40 kuwa ninkin haka za ta ja.

Har ila yau, kafin a liƙa kunnuwan aksul sai a mirgina shi har bakinsa ya yi karkata ɗaya da bakin giyabos, ta yadda kuros ɗin gaba da na baya na farfela za su yi aiki a kusurwa guda, tsakanin digiri 1 zuwa 3. Rashin haka ne ke kawo kakkarwar da akan ɗora wa taya laifinta.

Sai an gamsu da duk wannan za a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a cire sifirin, a ɗaga aksul da jak sama da ƙasa, sa'an nan gefe guda shi kaɗai, ana duban inda wani abu ya cije ko ya gogi wani. Kunnuwan su zama biyu-biyu, sanda a tsakaninsu, da kaurin milimita 5 zuwa 6. Shasin tsohuwar mota buɗe yake ta ciki, don haka sai an rufe shi da faranti a wurin da kunne zai zauna, in ba haka ba ya tsage. Wajen cika walda a bututun aksul kuwa haƙuri ake yi: a yi gajere nan, a koma ɗaya hannun, a bar shi ya huce, domin zafi a gefe ɗaya kan tanƙwara bututun, boris ya lalace tun bai yi nisa ba. Kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta zauna bisa nauyinta.