Laifin Wa Ne In Pillars Ta Sha Kashi?

Duk ran da ƙungiyar wasan ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ta yi wasa, magana ba ta ƙarewa da busar alƙali. Daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sai shari'a ta koma teburan masu shayi, da majalisun ƙofar gida, da ofisoshin gwamnati, da ɗakunan kwanan ɗalibai, har da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo. Waɗanda ake tuhuma kullum su ne mai koyar da 'yan wasa, da sababbin 'yan wasan da aka sayo, da kuma alƙalin wasa. Galibi kuwa hukuncin ɗaya ne, watau a kori mai koyarwa.

Babu mai musun cewa magoya baya suna da ikon faɗin albarkacin bakinsu. Gwamnatin Jihar Kano ce ke da ƙungiyar, da kuɗin jama'a ake biyan albashi, ake sayen 'yan wasa, ake yin tafiye-tafiye. Abin dubawa shi ne ko tarihin ƙungiyar ya gaskata irin hukuncin da ake yankewa cikin fushi.

An kafa Pillars a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta gaji 'yan kallo waɗanda suka san daɗin nasara, domin Raccah Rovers ta riga ta kawo wa Kano kofin zakarun Nijeriya tun 1978. Duk da haka sai da Masu Gida suka jira shekara 18 kafin su ɗauki nasu na farko, a 2008, a hannun Kadiri Ikhana.

A shekarar da ta biyo, ƙungiyar ta yi abin da har yau dattawan magoya baya suke tinƙaho da shi. Ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 1 da 1 a Kano, aka kuma yi 2 da 2 a Alƙahira. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta yi mata ci 5 da nema a wasanni biyu. Daga nan sai kofuna uku a jere: 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 kuma a hannun Okey Emordi.

Masu ra'ayin canza mai koyarwa sukan kafa hujja da wannan. Suna cewa ai kofuna huɗu sun zo ta hannun mutum uku, saboda haka sabon hannu ba ya hana alheri. Masu ra'ayin haƙuri kuma suna amsawa da cewa a cikin shekarun nan ƙashin bayan ƙungiyar bai motsa ba. 'Yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed sun daɗe tare, sun san ƙafar juna, kowane mai koyarwa ya zo sai ya tarar da gida a gine. Wannan magana ta biyu ta fi nauyi, domin abin da ya faru daga baya ya tabbatar da ita.

A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta fitar da Pillars daga gasar Afirka, Emordi kuwa, wanda ya ɗauki kofi watanni kaɗan kafin nan, bai ƙarasa shekarar a kujerarsa ba. Canjin bai dawo da kofi ba. A cikin watan Agusta na wannan shekara ce ma Nasarawa United ta zo har Kano ta ci 2 da 1, ta kawo ƙarshen shekara 12 da Pillars ta yi ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa. Tun daga 2014 masu koyarwa da dama sun zo sun wuce, har da Bafaranshe Lionel Soccoia wanda aka ɗauko a ƙarshen 2020 ya kuma tafi bayan 'yan watanni.

Darasi mafi girma a kan haƙuri ya zo ne ta hannun Ibrahim Musa. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018, wanda aka yi a Asaba, Pillars ta sha gaban Rangers ta Enugu da ci 3 da nema, amma Rangers ta farke duka ukun, sa'an nan ta ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ba a taɓa ganin ɓacin rai irin na wannan dare a tsakanin magoya baya ba, kuma da an bi zafin zuciya da an sallami mai koyarwa kafin gari ya waye. Aka bar shi. A 2019 shi ne ya koma wasan ƙarshe a Kaduna, ya doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya kawo kofin da rabon Kano da shi tun 1953. Mahaƙurci mawadaci.

Batun sayen 'yan wasa shi ma yana da nasa saɓani. Wani sashe na magoya baya yana son a ji an sayo manyan sunaye daga wasu ƙungiyoyi ko daga ƙetare, wani sashen kuma yana kukan an bar yaran unguwanni suna lalacewa a filayen ƙasa. Ahmed Musa misali ne ga kowane ɓangare. Yana matashi ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Da ya dawo a watan Afrilu na 2021 yana shugaban 'yan wasan Nijeriya, murna ta cika gari, amma Akwa United ce ta ɗauki kofin wannan shekara. Suna yakan ja 'yan kallo, sai dai mutum ɗaya ba ya tsare gida ya kuma ci ƙwallo. Ya sake dawowa a 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Akwai wanda ba a cika gurfanarwa a majalisun shayi ba, shi ne ɗan kallo da kansa. A watan Afrilu na 2022 hargitsi ya tashi a wasan Pillars da Katsina United a Kano, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa ƙungiyar maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kuma kore ta daga filinta. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗi zuwa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025 aka maimaita. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci a daf da tashi, wasu 'yan kallo suka afka fili suka far wa alƙalai da baƙi. Aka sake cire maki uku, aka ci tarar naira miliyan 9 da rabi, aka mai da wasannin gida Katsina.

Lissafin a fili yake. Mai koyarwa komi rauninsa sai ya sha kashi a fili kafin ya yi asarar maki uku, amma 'yan tsiraru masu duwatsu sukan jawo wannan asara cikin minti biyar, su haɗa da tara, da kuɗin ƙofa, da amfanin wasa a gida. Masu sayar da ruwa da abinci a bakin fili, da masu ababan hawa, su ma suna cikin masu biyan bashin da ba su ci ba.

Lalle akwai tambayoyin da ya kamata magoya baya su nace a kansu, waɗanda suka fi neman korar mai koyarwa amfani. Nawa ake ware wa ƙungiyar a kasafin kuɗi, kuma ina yake tafiya? Wa yake zaɓen 'yan wasan da ake sayowa, mai koyarwa ne ko shugabanni? Ana biyan albashi da alawus a kan kari? In an sayar da ɗan wasa zuwa ƙetare, nawa ne yake shiga asusun ƙungiya? Ma'aikacin gwamnati da ya san fayil, da ɗalibin da ya iya lissafi, su ne suka fi cancanta su yi waɗannan tambayoyi, a rubuce, ta hannun ƙungiyoyin magoya baya da kafofin watsa labarai.

Kirarin ƙungiyar dai shi ne Sai Masu Gida. A al'adar Hausa kuwa, mai gida shi ne yake kare baƙonsa, shi ne kuma yake bin kadin abin da ake kashewa a gidansa. Ran da magoya bayan Pillars suka riƙe waɗannan biyu, ran nan ne maganarsu a kan mai koyarwa da 'yan wasa za ta yi nauyin da hukuma ba ta iya kau da kai daga gare ta.