Ƙaramar mota ko ƙaramar jif: abubuwan da ya kamata ka sani game da wurin zama

Idan aka ajiye Toyota Corolla kusa da RAV4 a filin dillalai, ido kan yanke hukunci tun kafin a buɗe ƙofa: jif ta fi girma, saboda haka ta fi wadatar wuri. Dillali ma ba zai musa maka ba, tunda jif ta fi tsada. Amma girman da ido ke gani yawancinsa tsayi ne zuwa sama, kuma inda RAV4 ta fi Corolla daɗin zama daga wannan tsayin yake fitowa. A tsawo da faɗin ciki, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba, wani lokaci ma ƙaramar motar ce ke gaba.

Wurin miƙe ƙafa

Abin da ke tsara wurin ƙafa a gidan baya shi ne nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da kuma yadda kamfani ya raba wannan nisan tsakanin mutane da kaya. Ɗauki samfurin Amurka, wanda shi ne ya fi yawa cikin motocin hannu, wato Beljiyam, da ake shigowa da su. Corolla ta 2014 zuwa 2019 tana da milimita 2,700 tsakanin tayoyin, RAV4 ta 2013 zuwa 2018 kuwa 2,660. A lissafin Toyota, wurin ƙafa a bayan wannan Corolla inci 41.4 ne, na RAV4 ɗin kuma 37.2. Wato dogon mutum ya fi samun sararin gwiwa a ƙaramar motar da kimanin inci huɗu.

Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin halin kowace Corolla. Da aka sauya ƙirarta a 2020, nisan tayoyin bai canza ba, amma wurin ƙafar baya ya koma inci 34.8, yayin da RAV4 ta 2019 ke da 37.8. Suna ɗaya, shekara daban, lissafi ya juye. Don haka tambayar "wacce ta fi wuri?" ba ta da amsa sai an faɗi shekarar ƙira.

Tsayin kujera, inda jif ke cin riba

Alƙaluman ƙafa ba sa nuna yadda jiki ke zama. A ƙaramar mota kujera tana kusa da daɓe, sai gwiwa ta ɗago, cinya ta bar katifar kujera, nauyin jiki duka ya taru a ƙugu, kamar zama a kan kujera 'yar tsugunno. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Tafiyar Kano zuwa Maiduguri ce za ta nuna maka, lokacin da ƙugu ya fara tsami kana ta gyara zama. A jif kujerar ta ɗaga daga daɓe, ƙafa na sauka a tsaye, cinya na kwance a kan katifa, kuma akwai inda za ka cusa tafin ƙafa ƙarƙashin kujerar gaba. Shi ya sa inci 37 a jif kan fi hutar da mutum kan abin da lambar ta nuna. RAV4 ɗin nan tana da ƙarin wani abu: jinginar kujerar baya tana kwantawa kaɗan, ta Corolla kuwa a kafe take.

Shiga da fita ma nan ne. Ka lura da dattijuwa mai ciwon gwiwa tana fitowa daga ƙaramar mota: sai ta juyo da ƙafafu waje, ta dafa ƙofa da hannu ɗaya, ta miƙa wa wani ɗayan ya jawo ta, domin tashi ne daga ƙasa. A ƙaramar jif kujerar na kusan daidai da ƙugun babban mutum, sai dai a zame a shiga, a zame a fita. Ga mai ɗaukar iyaye zuwa asibiti, ko uwar da ke sa jariri a kujerarsa kullum ba tare da sunkuyo ba, wannan kaɗai ya isa dalili. Amma gajeren mutum da mai ɗaure da zane kan ga hawan jif da ɗan wuya.

Rufi da hula

Rufin ƙananan motocin zamani yana gangarowa ta baya don iska da kwalliya, sai kan mai zama a baya ya kusanci sili. Mai doguwar hula ko Hajiya da ta kafa ɗauri za su gane haka da wuri. Rufin jif a miƙe yake har baya. Tagar rufi, wadda dillalai ke yi wa kirari, tana rage sararin kai a kowacce.

Mutum uku a baya

Nan babu wadda ta yi fice. Faɗin kafaɗa a bayan motocin biyu kusan ɗaya ne, kuma manya uku za su matsu a kowacce. Na tsakiya ne ke shan wahala, domin wurinsa ya fi tauri da tudu. Wasu RAV4 na 2006 zuwa 2012 sun zo da layin kujeru na uku, amma na yara ne, kuma idan an ɗaga shi wurin kaya ya tafi.

A kan hanya

Mutane da yawa na zaton jif ba ta jin gargada. Tsayinta daga ƙasa yana kare cikinta daga duwatsu da tudun rage gudu, gaskiya ne, kuma direba yana hango rami da wuri. RAV4 tana da ƙafafun baya masu aiki kowacce da kanta, Corolla ta 2014 kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin bayanta, don haka ramin da taya ɗaya ta faɗa yakan girgiza ɗayan gefen. Duk da haka, mota mai tsayi tana da nauyinta a sama, sai ta riƙa rangaji a kwana, kuma don rage rangajin kamfanoni kan ƙara wa sifirin tauri. A kwalta mai kyau ƙaramar mota ta fi natsuwa, masu jiri da amai a tafiya ma sun fi samun sauƙi a cikinta.

A motar Beljiyam kuwa, lafiyar shokozoba da irin taya sun fi sunan mota tasiri. Babban rim da siririyar taya suna kyau a ido, amma kowace 'yar tsakuwa sai ta iso bayanka.

Kaya da zafi

But ɗin Corolla ta 2014 bai kai lita 400 ba, bayan RAV4 ya ninka shi fiye da sau biyu, kodayake har rufi ake auna na jif. Ribar wannan ga fasinja ita ce jaka ba ta ƙarewa a kan cinyarsa. Hasararsa kuma, kayan jif a ɗaki ɗaya suke da mutane: jarkar fetur ko buhun albasa, kowa zai shaƙa. Ga kuma yawan gilashi da faɗin ciki, waɗanda ke sa esi ya daɗe kafin ya sanyaya motar da ta wuni a ranar Afrilu.

Yadda za ka gwada

Gyara kujerar direba daidai tsawonka, sannan ka koma ka zauna a bayanta da hularka a kai. Duba gwiwa, duba ko cinya ta kwanta, lalubi ko akwai mafitar iskar esi a baya. Ka je da wanda zai fi zama a wurin, ka bar wani ya tuƙa, a bi da ku ta hanya mai ramuka kafin a fara maganar kuɗi.