Buhunan Gawayi a Hanyar Falgore da Hukuncin Sare Ɗanyen Ice

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos, daga Kwanar Dangora ya ratsa Tudun Wada ya faɗa Doguwa, ya san buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin titi ana jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni. Tun daga 2023 da aka cire tallafin mai, darajar naira ta faɗi, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa suka koma murhun gawayi, sana'ar ta buɗe. Abin takaici, masu sarar itatuwan da dillalansu da mu masu saye galibi Musulmi ne masu salla, amma da wuya ka ji wanda ya taɓa tambayar malami hukuncin abin. Ana tambaya kan ƙabli da ba'adi, ba a tambaya kan kayar da bishiyar da ta girmi kakan mutum.

Gawayin da kasuwa ke so, mai nauyi mai daɗewa a wuta, ba daga kara ko busasshen reshe yake fitowa ba. Daga kirya da marke da kaɗanya yake fitowa, kuma ɗanyu ake kayar da su, a daddatsa, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta ta yi kwanaki tana ci. A irin wannan gashi, sai an ƙone ice kilo biyar zuwa goma kafin a sami gawayi kilo ɗaya. Ita kuwa kaɗanya takan kai shekara goma sha biyar ba ta fara 'ya'ya ba. Wato mutum ya tashi da safe ya kashe abin da matan ƙauyensu za su yi shekaru suna samun man kaɗe daga gare shi, ya karɓi kuɗin da ba za su kai shi kasuwa ta gaba ba. Ɗorawa ma, uwar kalwa da daddawa, ba ta tsira ba. Ɓarnar kuma ba a dajin take tsayawa ba. Kogin Kano ta cikin dajin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta riƙe ruwa; ruwan sama ya kwashi yashi da laka ya kai su cikin dam, cikinsa ya riƙa cikewa. Manomin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da mai buɗe famfo a Kano, su ne za su biya bashin da ba su ci ba.

Hujjar da aka fi ji ita ce daji na Allah ne, ba gonar kowa ba. Gaskiya ne, amma shari'a ba ta taɓa ɗaukar abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa a matsayin ganima ga wanda ya riga isa ba. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, da kansa ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin maslahar jama'a, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malamanmu na nan ba su jahilci wannan babi ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan hukuncin filayen da ba su da mai su, kuma daga wannan fiƙihu ne garuruwanmu suka gaji hurumi da makiyaya. Falgore keɓaɓɓen daji ne tun zamanin Turawa, kuma idan hukuma ta keɓe wuri don amfanin kowa, keta shi saɓo ne ko da ma'aikacin gandun daji ya karɓi na goro ya kau da kai. Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya hana ta sare itace mai 'ya'ya. A ƙasar abokan gaba ke nan, a lokacin yaƙi. To, ina ga kaɗanyar garinku a zaman lafiya?

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Za a ce talauci ne, kuma akwai hadisi ingantacce da ya fifita yin itace a sayar a kan roƙo. Haka ne. Sai dai wanda aka yaba a hadisin igiya ya ɗauka, a bayansa ya goyo dami. Ba a yi maganar injin yankan katako ba, balle dillalin da ke zaune a birni yana ba samari kuɗin kafin alƙalami, yana loda manyan motoci. Wanda ke tsintar busasshen ice ya ciyar da iyali ba da shi ake ba. Ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa ita ce ke raba halal ɗin sana'a da haram ɗinta, kuma lalura gwargwadonta ake auna ta. Ribar ma ba hannun mai gatarin take zuwa ba. Shi hayaƙi da tari ne rabonsa. Lokacin da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mamaye Falgore, kowa ya yi kururuwa har sojoji suka mayar da dajin filin atisaye a 2017. Masu cinye dajin da rana tsaka kuwa, gaisawa muke yi da su a masallaci.

Kada a jira Kano ko Abuja. Limaman Juma'a a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ware huɗuba kan wannan kafin kaka, lokacin da ake fara shiga daji, su faɗi hukuncin ƙarara, su haɗa da masu banka wa daji wuta saboda farautar gafiya. Dagatai da masu unguwanni su hana sayar da tsayayyar kaɗanya ko ɗorawa ga mai gawayi, ko da a gonar mutum take, domin magada da mata suna da haƙƙi a kanta. Mai neman sadaka mai gudana ya tuna an yi alkawarin lada ga wanda ya dasa itace kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi. Ba ma sai an sayi dashe ba. A yankin Maradi, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da wannan dabara aka dawo da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, inda ruwan sama bai kai na Doguwa ba ko kusa. Kututturen kaɗanya da na marke da aka sare bara suna toho yanzu haka a gonakinmu. Abin da suke buƙata kawai a hana gatari da wuta da awaki su isa gare su na shekara uku ko huɗu.