Naitiret da Gansakuka a Akwatin Kiwon Murjani

Murjani, wanda muka fi sani a matsayin dutsen ado a wuyan mata, asalinsa dabba ce mai rai a teku. Ƙananan halittu ne da ke zaune wuri guda, suna gina wa kansu gida da sinadarin alli. A ƙasashe irin su Jamus da Amurka da Japan akwai masu kiwonsa a gida, cikin akwatin gilashi da aka cika da ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Babban abin da ke ci wa waɗannan masu kiwo tuwo a ƙwarya shi ne gansakuka, wadda kan lulluɓe duwatsu da gilashi, ta tsare wa murjani haske har ya mutu.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙar, sai mu bi sawun abincin da ake zuba wa kifayen akwatin. Kifi ya ci, sai ya fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin duwatsu sukan mayar da amoniya ta koma naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ya koma naitiret. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya gano waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890. To, a nan aikin yakan tsaya. Naitiret ba shi da dafi sosai, amma ba shi da mafita daga akwati, don haka sai ya yi ta taruwa. Shi kuwa taki ne, irin wanda manomi ke nema ruwa a jallo domin masararsa. Idan ya haɗu da fosfet, wanda shi ma daga abincin kifi yake fitowa, ga kuma hasken fitila mai ƙarfi, gansakuka ta sami gona.

A teku, inda murjani ke bunƙasa, naitiret ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram a lita. A akwatin da aka yi wa riƙon sakainar kashi yakan haura miligiram 50. Ko a tekun ma an ga abin da yawan taki ke jawowa: a gaɓar Kaneohe da ke tsibiran Hawayi, ƙazantar gari da aka riƙa kwararawa ta sa wata koriyar gansakuka ta danne murjani, sai da aka karkatar da bututun a 1977 da 1978 sannan ta ja baya.

Maganin farko, kuma mafi arha, shi ne rage abin da ke shiga. Kada kifi su yi wa akwati yawa, kada kuma a zuba abincin da ba za su cinye nan take ba. Ruwan famfo da na rijiya sau da yawa suna ɗauke da nasu naitiret, saboda haka sai an tace ruwa tsaf kafin a haɗa shi da gishiri. Sauya ruwa yana taimakawa, sai dai lissafinsa ba ya burgewa. Wanda ya sauya kashi 20 cikin ɗari na ruwa mai miligiram 50, zai sauko da shi zuwa 40 ne kawai.

Akwai kuma hanyoyin fitarwa. Tsarin da ake kira na Balin, wanda masu kiwo a Jamus suka yayata tun shekarun 1970, ya dogara ne ga na'urar kumfa, wadda ke kwashe datti kafin ya ruɓe, da kuma duwatsun teku masu ƙofofi. A can cikin ƙofofin, inda iskar oksijin ba ta isa, wasu ƙwayoyin bakteriya na dabam sukan farfasa naitiret ya koma iskar naitirojin, ya fice daga ruwa. Yashi mai zurfin santimita 10 ko fiye yakan yi irin wannan aiki. Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta yaƙar gansakuka da 'yar'uwarta: a keɓe ƙaramin akwati a gefe, a shuka Chaetomorpha a ciki, ta zuƙe takin, a riƙa yanke ta ana zubarwa. Abin da aka zubar ya bar ruwan ke nan har abada.

Taki kaɗai ba shi ne duk labarin ba, domin akwai batun masu kiwo a kan gansakuka. A 1983 annoba ta kusan ƙare bushiyar teku mai suna Diadema antillarum a tekun Karebiyan. A Jamaika, inda dama an kame kifaye masu cin tsiro, gansakuka ta tashi daga kashi 4 cikin ɗari na farfajiyar duwatsu zuwa kashi 92. Shi ya sa mai akwati ba ya rasa katantanwa da bushiyar teku da kifaye masu kalaci da tsiro. Amma a lura, su ba sa fitar da naitiret, juya shi kawai suke yi cikin ruwan.

Ma'aunin naitiret kansa yakan yaudari mutum. Sai a ga akwati ya yi kore shar, amma awo ya nuna babu komai, alhali gansakukar ce ke shanye takin da zarar ya fito. Haka nan ba a so a kai shi sifiri. A cikin tsokar murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ke haɗa masa abinci da haske, kuma su ma suna buƙatar naitirojin da fosfet. Idan aka tsabtace ruwa fiye da kima, murjani yakan koɗe, wata yauƙin gansakuka mai ruwan ƙasa, wadda wasu irinta ke da guba, takan mamaye yashi. Saboda haka masu kiwo da dama a yau sukan bar naitiret tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a lita, kuma idan ya yi sama sukan sauko da shi sannu a hankali cikin makonni, domin sauyin gaggawa kan jigata murjani fiye da naitiret ɗin kansa.